Yaro ya haddace darasi tsaf, an juya tambayar ya tsaya cak: ina gyaran yake?

Mushe Salisu (tarihi da labarin ƙasa, Tawa, Nijar):
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Alhamis, na ce bari in kawo shi nan. Ina koyar da ajin turwaziyem, masu shirin BEPC, jarrabawar gama kolej. Mun yi darasin ayarin Voulet da Chanoine na 1899, hafsoshin Faransa da suka ratsa ƙasar nan suna ƙone garuruwa: Lugu a watan Afrilu, Birnin Ƙonni a watan Mayu, har zuwa Yuli da suka harbe Kanar Klobb wanda aka turo ya tsayar da su, sannan sojojinsu suka juya musu suka kashe su. Na rubuta taƙaitawa a allo, sun kwafa a kaye (littafin rubutu), sun haddace. Ranar gwaji, duk tambayar da ta fara da "yaushe" ko "wane ne" sun cinye ta. Sai na ƙara guda ɗaya a ƙasa: wannan labari wa ya ba da shi, kuma ta wace hanya ya iso gare mu? Cikin yara 84, waɗanda suka rubuta wani abu ba su kai goma ba. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin ta biyo ni bayan an tashi, idonta cike da ƙwalla, ta ce: "Mushe, wannan ba ya cikin kaye."

Kuma gaskiyarta, ba ya ciki. Shekara huɗu tana kolej ba wanda ya taɓa neman ta auna magana, sai dai ta maido da ita yadda aka ba ta. Takardun ma'aikata cike suke da batun esprit critique, wato auna magana kafin a karɓe ta, amma ba a taɓa nuna mini yadda ake koyar da shi ranar Litinin da ƙarfe takwas ba, gaban yara 84. Wanda ya gwada wani abu ya yi aiki, don Allah ya faɗa mana.

Baba Dirakta (mai ritaya):
Wa alaikumus salam. Salisu ɗana, shekara 34 na yi riƙe da alli, kuma zan faɗa maka abin da matasanku ba ku son ji. Kada ku raina hadda. Yaron da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san 7 sau 8, da me zai yi tunanin lissafi? Wanda bai san Lugu ta riga Ƙonni ba, wace tambaya zai yi a kan ayarin? Ba a tankaɗe sai da gari cikin rariya. Gyare-gyare nawa na gani sun zo sun wuce, kowanne da sabon sunansa, daga APC zuwa APS. Duk lokacin da aka ce a sassauta hadda, abin da muke samu shi ne yaran da ba su haddace ba, kuma tunanin ma ba su yi ba.

Mushe Salisu:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban ce a bar hadda ba. Yarinyar nan garinta ya cika rariya, tankaɗen ne ba a koya mata ba.

Madam Zali (aji CE2, aji huɗu na firamare):
Mushe, abin tun daga wajenmu yake farawa. A wani horo aka ba mu labarin gwajin da masu bincike suka yi a birnin Grenoble na Faransa wajen 1980. Sun ce wa yara: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa? Yara 76 cikin 97 suka yi lissafi da lambobin suka ba da amsa. Na ce a raina namu ba za su faɗa wannan ramin ba, tunda sun san tumaki. Na dawo na juya shi: makiyayi na da tumaki 26 da awaki 10, shekarunsa nawa? Kusan duk ajin suka ɗaga ardwaz (ƙaramin allon rubutu) da 36. Da na sake faɗa da Hausa, a hankali, sai wani yaro da ke zaune a baya ya yi dariya ya ce: "Madam, ai ba a sanin shekarun mutum da awakinsa." Na tambaye shi, to me ya sa ka rubuta 36? Ya ce: "Na ɗauka a lakkwal dole a ba da amsa."

Wannan maganar tasa ta fi mini horon gaba ɗaya. Hankalin yana nan, sai dai yaro ya koyi ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalminsa. Tun daga ranar, kowane mako ina saka tambaya ɗaya wadda ba ta da amsa, ko wadda aka cusa wa lambar da ba a buƙata, ba tare da na faɗa musu wacce ba ce. Makonnin farko sun sha faɗawa. Yanzu kafin su taɓa alli sai ka ga suna sake karantawa.

Maman Nafisa:
Ni uwa ce, ban koyar ba, amma ku ba ni dama. Wannan abin da kuke shirin koya musu, ina iyakarsa? Yanzu ma da waya a hannunsu ka ce wa yaro kaza ya ce maka ba haka ba ne. In kun koya musu su riƙa cewa malami "ta yaya ka sani", gobe uwa da uba za su ce wa haka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu ladabi muka turo su nema tare da karatun.

Malam Habibu (makarantar Islamiyya):
Maman Nafisa, damuwarki a kan hanya take, amma bari in kawo misali daga gidanmu. An haifi Shehu Usman ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi. Cikin malamansa babu wanda ya girmama kamar Malam Jibril ɗan Umar, har waƙar yabo ya yi masa. Duk da haka, a kan mas'alar kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai Shehu ya saɓa wa malaminsa, ya rubuta hujjojinsa, kuma bai daina yi masa addu'a da ambatonsa da alheri ba. To wa zai ce Shehu ba shi da ladabi?

Malaman hadisi kuma ba su karɓar magana don wai mai faɗinta ya iya baki. Sai sun tambaya: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya, sun haɗu, mai riƙe magana ne ko mai mantuwa? Suratul Hujurati aya ta 6 ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari. Tambayar da Mushe Salisu ya yi wa yaransa, wa ya ba da labarin, tambayar isnadi ce. Abin da za a koya wa yaro shi ne yadda ake yin ta: da sallama, da sassauta murya, da neman sani, ba da neman kunyata babba ba. Amma zan ƙara da cewa akwai iyaka. Abin da ya tabbata da nassi ba fagen gwajin yara ba ne.

Maman Nafisa:
Allah gafarta Malam, Shehu ya yi shekaru yana durƙuso gaban malamai kafin ya buɗe baki. Ni ɗan shekara 13 nake magana a kai.

Malam Habibu:
Haka ne Hajiya. Sai dai durƙuson nasa ba shiru ba ne, karatun zaure ana tsayar da malami a tambaye shi, ya maimaita, ya kawo hujja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alhaji Mai Albasa:
Salamu alaikum. Ni ban yi lakkwal ba, ɗiyana na rubuta min. Amma abin da kuke faɗi mu kullum shi muke yi. In dillali ya kira ni ya ce albasa ta faɗi Abijan, in saida mishi yanzu, ba ni cewa ƙarya yake, ba ni kuma saidawa. Sai in kira direban da ya sauke kaya jiya, in kira wani ɗan'uwa da ke zaune can. Kuma in tambayi kaina: wanga da ya ba ni labari, mi zai samu in na yarda? Wanda bai iya wannan ba, shekara guda ya isa ya koma gida hannu biyu. Ba wanda ya zaunar da ni ya karanta min shi. Babana ya bar ni na yi asarar buhu goma, da dare ya ce in faɗa mishi inda na yi kuskure. Ban manta ba har yau.

Madam Rabi (SVT, kimiyyar rayuwa da ƙasa, lise):
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, kun faɗi darasin gaba ɗaya: a bar yaro ya yi da hannunsa, sannan a zaunar da shi ya waiwaya. Kashi na biyun ne muke tsallakewa.

Bari in ba da nawa. Yaran jiharmu duk sun san tassa. Iyayensu na haƙa ramukan nan a kan faƙo, a zuba taki, ruwa ya taru, gara ta yi hanyoyi a ƙasa, hatsi ya fito inda da ko ciyawa ba ta fitowa. Dabarar ta bazu a yankin Illela da Badagishiri bayan wasu manomanmu sun je Yatenga ta Burkina a ƙarshen shekarun 1980 sun gano yadda ake irin ramukan, waɗanda can ake kira zai. Na tambayi ajina: ramin ne ke aiki ko takin? Aji ya rabu biyu, kowa na rantsuwa da gonar babansa. Na ce to rantsuwa ba ta raba gardama, yaya za mu gane?

Da yake lokacin damina muna hutu, a bayan aji muka yi da rani. Su suka tsara, ni ban sa baki ba: wuri ɗaya faƙo ba rami, ɗaya rami ba taki, ɗaya rami da taki, ɗaya taki a fili ba rami, kowanne a zuba masa ruwa gwangwani ɗaya daidai, a shuka hatsi ƙwaya ɗaya-ɗaya daidai. Bayan mako uku ramin da ba taki ya fi kowanne kyau. Masu cewa rami suka hau murna. Na ce kowa ya ɗauki kayensa ya rubuta abu uku: me na yi tsammani, me na gani, me zai iya sa abin da na gani ya yaudare ni. A tambaya ta uku ne wata yarinya ta rubuta cewa wannan ramin yana ƙarƙashin inuwar dogon yaro daga azahar, sauran kuwa suna cikin rana. Ni kaina ban lura ba. Na karanta wa aji abin da ta rubuta, na ce ta ga abin da ban gani ba, gwajinmu bai tabbatar da kome ba, sai an sake. Wasu sun ji haushi, mako uku ya tafi. Amma daga ranar, ba sai na ce musu a gwaji abu ɗaya ake canzawa a bar sauran ba. Sun riga sun sha ɗacinsa.

Mushe Bubakar (lissafi):
Madam, labarin ya yi daɗi, amma mu yi maganar gaskiya. Ajina mutum 92 ne, uku ko huɗu a tebur ɗaya, wasu ajujuwanmu rumfar zana ne da ba a kafa su sai an gama girbi. Shirin shekara sai an gama shi kafin Yuni, kuma in sufeto ya zo kayen darasi zai duba ya ga ina na kai. Ranar BEPC ba a ba da maki don yaro ya lura da inuwar bishiya. In na ɗauki mako uku a kan tambaya ɗaya, wa zai biya yaran nan babin da ban kai ba? Kayen waiwaye 92 kuma wa zai karanta?

Madam Rabi:
Mushe, mako ukun hatsi ne ya yi su, ba ni ba. Lokacin aji da abin ya ci bai wuce awa biyu ba duka. Kayen kuma ba na karanta duka. Minti biyar na ƙarshe suke rubutawa, in ɗauki goma kowane mako, ina juyawa. Ba na sa maki, ba na gyara Faransanci a ciki, wanda ya ga dama ya rubuta da Hausa. Ranar da ka sa jan biro a kayen nan, sun daina faɗa maka gaskiya.

Mushe Bubakar:
Minti biyar zan iya. Amma ban yarda wannan zai ƙara ko rabin maki a jarrabawa ba.

Baba Dirakta:
Bubakar, yawan yara ba sabon abu ba ne. Dabarar ardwaz da muke kira La Martinière don wannan aka yi ta: ka yi tambaya, kowa ya rubuta, ka buga tebur, kowa ya ɗaga. Abin da muka yi kuskure a zamaninmu, muna duba wa ya ci wa ya faɗi mu wuce. Da na san abin da na sani yanzu, da na ɗauki ardwaz biyu masu amsa daban in ce kowanne ya zo ya nuna hanyar da ya bi, aji ya yanke. Wannan ba ya cin minti uku. Amma fa sai sun san jadawalin sau. A kan wannan ban janye ba.

Hadiza (ajin terminal A):
Ina neman izini iyayena da malamaina. Mu da muke karanta falsafa ana cewa mu ne ake koya wa tunani. Gaskiyar abin, yawancinmu muna haddace gabatarwa, mu haddace maganganun masana guda ashirin, mu haddace tsarin ra'ayi, kishiyarsa da sulhu, sai mu zuba kowace tambaya a ciki kamar kwano ɗaya. Ba don ba mu da abin faɗa ba. Tsoro muke ji kada mai gyaran takarda ya ga abin da bai saba gani ba ya rage mana maki, ga falsafa da nauyi a BAC ɗinmu, jarrabawar gama lise. Kuma shekara goma sha biyu ana ce mana mu yi shiru mu kwafa, sai a shekara ta ƙarshe a ce mu yi tunani cikin wata tara. Wani abu kuma: namiji in ya yi tambaya a aji a ce yana da kai. Mace in ta yi biyu a ce ta cika baki, har a gida a ji. Ƙawayena da yawa sun fi ni sani, amma ba za ka taɓa jin muryarsu ba.

Madam Rabi:
Ɗiyata, yarinyar da ta gano inuwar nan ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba. Ba don rubutun ba da ban san tana nan ba. Dalilin da ya sa na riƙe kayen ke nan.

Dakta Isufu (jami'a, Yamai):
Na bi muhawarar tun safe. Kada mu ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A 2016 masu bincike na jami'ar Stanford a Amurka sun gwada ɗalibai sama da 7,800, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan matakin kolej ba su bambance talla da aka biya kuɗi da labarin jarida a shafin intanet ba. Yaran da ke da kwamfuta tun suna rarrafe ke nan. Daga baya da suka lura da ƙwararrun masu tantance labari, sai suka ga ba su tsayawa suna ƙura wa shafin ido. Fita suke su je su ji abin da wasu ke faɗa a kan mai shafin. Abin da Alhaji ke yi da dillali ke nan.

Amma namu yana da ƙarin nauyi, kuma Madam Zali ta taɓo shi ba ta tsaya ba: yaron nata bai yi dariya ba sai da ta faɗa da Hausa. Binciken PASEC na 2014, mai auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaranmu masu gama firamare ne ke fahimtar abin da suka karanta yadda ya kamata. A 2019 an samu ci gaba zuwa wajen kashi 30. Yaron da ke kokawa da harshen, hadda ce kaɗai mafakarsa. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya yi rubutu yana kiran a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. Yau fiye da shekara 50 ke nan. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Abin jira shi ne littattafai da horon malamai, don takarda kaɗai ba ta shiga aji.

Baba Dirakta:
Dakta, ka tuna mini da sambol. Mun rataya wa yara shi a wuya don sun yi Hausa a farfajiyar lakkwal, mu ma haka aka yi mana. Yaron da ya fi kowa iya kacici-kacici da dara a unguwa sai ya zama bebe a aji. Wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Hajiya Mariyama (ma'aikaciyar lafiya):
Ku bar ni in kawo wani gefe, don ina ganin ƙarshen abin a asibiti. Akwai wanda ke yarda da duk saƙon murya da ya shigo WhatsApp. A 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Amma akwai kuma wanda ba ya yarda da kome, yana ganin shi ne mai wayo. Kome ka kawo ya ce makirci ne. Wannan ma ba tunani ba ne, kuma ya fi wuyar magani.

Dubi rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano saboda zargin yana hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Zargin bai tabbata ba. Amma mutanen ba haka kawai suka tsorata ba: a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 suka rasu cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin, aka yi shekaru ana shari'a. In za ku koya wa yara, ku ba su irin wannan, inda tsoron yake da tushe amma hukuncin da aka yanke a kansa kuskure ne. Su koyi raba "an taɓa cutar da mu" da "wannan ma cuta ce", kowanne a nemi hujjarsa daban.

Mushe Salisu:
Hajiya, wannan ya shige ni. Abin da nake tsoro ke nan, in fitar da yara masu cewa duk tarihi ƙarya ne tunda Bature ya rubuta. Alhali ta'asar ayarin nan ma ta bakin ɗaya daga cikinsu ta fara isa Faransa: wani hafsa mai suna Péteau da Voulet ya kora, shi ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa, maganar ta kai ga hukuma. Mutum ne mai jin haushin Voulet, to a yarda da shi? Sai ga shi Klobb da ya biyo sawunsu ya tarar da ƙauyuka a ƙone da gawarwaki ya rubuta abin da ya gani, ga kuma abin da mutanen Ƙonni da Lugu suka riƙe a bakinsu. Hanya uku da ba su haɗa baki ba. Ina ganin darasin da ya kamata in yi ke nan tun farko. Zan gwada ranar Talata.

Maman Nafisa:
Ku gwada. Amma ni ina nan a kan bakana, ku haɗa da koya musu yadda ake magana da manya. In Nafisa ta zo ta ce mini "Mama, ina kika ji wannan" da ladabi, zan amsa mata. In ta zo da tsiwa, wajenku zan zo.

Malam Habibu:
Wannan sharaɗi ne mai kyau Hajiya, mu ma a Islamiyya za mu ɗauka.

Mushe Salisu:
Salam. Na yi alkawarin dawowa da labari. Jiya na raba su tebur-tebur, na ba su gajerun bayanai guda uku da na taƙaita da kaina: abin da Péteau ya faɗa, abin da Klobb ya tarar, da abin da ake bayarwa a baka game da Sarauniya Mangu ta Lugu. Tambaya uku a allo: wa ke magana, ya gani da idonsa ko ji ya yi, me zai samu in an yarda da shi. Ta ukun ta Alhaji ce, na gaya musu daga bakin ɗan kasuwar albasa na samo ta. Na ce su yi gardamarsu da harshen da suka ga dama, rubutun ƙarshe da Faransanci.

Ba duka ya tafi daidai ba. Hayaniya ta yi yawa har maƙwabcina ya leƙo, tebur kusan shida ba su yi kome ba sai jiran in faɗi amsa, kuma ban gama abin da na shirya ba. Mushe Bubakar, ka yi gaskiya a kan lokaci, ya ci mini awa guda cur. Amma wani yaro ɗan Ƙonni ya ce kakarsa na ba da labarin ranar da aka ci garin, don haka nata ne gaskiya. Kafin in yi magana, yarinyar nan mai ƙwalla ta juya ta ce masa: "Kakarka shekarunta nawa? 1899 fa." Ya yi shiru yana lissafi, ya ce ita ma daga kakanta ta ji. Na ce to wannan bai zubar da labarin ba, sai dai mu san mutum nawa ya ratsa. Ya ce zai tambayo ta in ya je hutu.

A minti biyar na ƙarshe na sa su rubuta irin na Madam Rabi. Na ɗauki goma. Ita yarinyar ta rubuta da Hausa: "Da ina tsammani abin da ke cikin kaye haka ya sauko. Yanzu ina so in san wa ya ƙirga mutanen da aka kashe a Ƙonni." Ni ma ban taɓa bin sawun wannan ba, kuma haka na gaya mata a gaban aji. Dakta Isufu, ko akwai wanda za ka haɗa mu da shi a sashen tarihi?

Dakta Isufu:
Akwai. Turo mini tambayar yadda ta rubuta ta, kada ka gyara.

Mushe Bubakar:
Awa guda fa, Mushe. Ni da ardwaz biyun Baba zan fara, ranar Alhamis, a kan lissafin kashi cikin ɗari.

Madam Zali:
Taron CAPED ɗinmu, na ƙara wa juna sani tsakanin malamai, na ranar Asabar ne. Madam Rabi, ki turo mini tambayoyin ukun nan in gwada sauƙaƙa su don ƴan CE2, yawancinsu ba za su iya rubutawa ba sai dai su faɗa da baki. Baba, in jiki ya ba da dama ku zo ku nuna mana na ardwaz ɗin, matasanmu da yawa ba su taɓa ganin an yi shi daidai ba.

Baba Dirakta:
In Allah ya kai mu. A turo yaro da babur ya ɗauke ni da ƙarfe takwas, kuma kowa ya zo da ardwaz ɗinsa da alli.